Kiɗan da Mma Ta Haɗa a Kan Hannuna

Tsohuwar da na yi jinya a Dubai abu ɗaya take so kafin ta mutu, kuma ba ta ɓoye shi ba. So take a samu mutum ɗaya cikin masu rubuta tarihi ya yarda cewa ita ta haɗa kiɗan da ake cewa na mijinta ne. Ba ta ce a goge sunan marigayin ba, ba ta ce a biya ta komai ba. A dai ce tana wurin, kuma hannunta ne a kan na'urar.

Ni 'yar Zangon Kumasi ce. Da bizar aikin jinya na shigo ƙasar nan, irin aikin da za ki yi wa tsoho wanka, ki sauya masa ƙunzugu, ki ba shi abinci a baki, in ransa ya ɓaci kuma ki sha zagi ki ce na gode. A unguwar Hor Al Anz nake kwana, ɗaki ɗaya mu da yawa, kowace da gadonta da labulenta. Da na idar da sallar asuba sai in kama jirgin ƙasa zuwa can wajen Jebel Ali, inda ɗan tsohuwar yake da gida, don babba ne a wani kamfanin jigilar kwantena. Mutanen Jamaika ne. Shi ya ɗauko uwarsa daga Kingston bayan ɓarin jikinta na hagu ya shanye, bakinta ya karkace. Mma nake kiranta, yadda muke kiran uwa a Zango. Ita kuwa yarinya take ce min, ni da na aurar da 'ya har na ga jika.

Farkon zuwana ba mu shirya ba ko kaɗan. Tsohuwa ce mai zafin kai, ni ma kuma ba a bar ni a baya ba. Ta taɓa jifana da cokali saboda na hura mata miya kafin in kai mata baki. Na ɗauki cokalin na wanke, na ce mata da Hausa, "Allah ya sa ba taɓarya ce a hannunki ba." Ba ta ji abin da na ce ba, amma ta gane ba addu'a ba ce, sai na ga gefen bakinta mai rai ya ɗan ɗaga. Daga ranar muka fara zama lafiya.

Ma'aikaciyar asibitin da ke zuwa duba ta ta ce hannun dama da ya rage mata kada a bari ya sandare, a riƙa murza shi kullum. Ni kuwa ina da man kaɗe da na zo da shi daga gida, da shi nake murza mata kowane hantsi. A lokacin ne kuma ake kunna mata kiɗa, don ɗanta ya ajiye 'yar lasifika a gefen gado, ya zuba mata tsofaffin faya-fayen babansa a cikin wata waya, wai kada kewa ta kashe ta.

Kiɗan rege ba baƙo ba ne a wurina. A Zango babu bikin da masu lasifika za su tashi ba su sa shi ba, kuma da ƙuruciya na taka shi har zanina ya kwance. Amma wannan daban yake. Mawaƙi zai fara, kafin ya kai ƙarshen maganarsa sai a fizge muryar, guntun kalmar ya yi ta maimaita kansa yana nisa, kamar an yi kira a cikin rijiya. Sai ganga da jitar nan mai kaurin murya da suke kira bes su rage su kaɗai, kina jin dukansu a ƙirji kamar ana dakan sakwara a gidan maƙwabta. Can kuma sai ƙaho ya leƙo ya ɓace. Na tare ɗanta na ce, "Yallaɓai, na'urar nan ta lalace fa, cinye waƙar take yi." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce haka ake yinsa, dub sunansa. A zamanin iyayensa, in an buga faifai, fuska ɗaya waƙa ce, bayan faifan kuma sai a sa wannan. Waƙar dai ce, amma wani ya zauna gaban na'ura ya rarrabe kayan kiɗan, ya cire wannan, ya dawo da wancan, ya sa wa wani amsa-kuwwa. Ya ce aikin babansa ke nan, ba ya cikin manyan da kowa ya sani, amma masu bin diddigin abin sun san sunansa, suna cewa yana cikin na farko-farko.

Wani hantsi ina murza mata yatsu, kiɗan yana tashi, sai ta kama hannuna ta kwantar da shi a kan cinyarta, cikinsa yana kallon sama. Ta jera yatsunta huɗu a kan fatar, tsakanin tsintsiyar hannuna da gwiwa. Na ce yau kuma wace fitina ce. Sai ta ja ƙaramin yatsa ƙasa, muryar mawaƙin ta ɓace. Ta ja na kusa da shi, ƙaho da jita suka ɗauke. Ta bar biyu a danne, ganga da bes suka ci gaba su kaɗai. Ta tura ɗaya sama da sauri ta janye, wani guntun sauti ya faɗo ya yi ta amsa-kuwwa. Da farko na ɗauka bin kiɗan take yi, yadda kowa zai kaɗa ƙafa. Da na zuba ido sai na ga ba haka ba ne. Yatsan ne yake fara motsi, sannan sautin ya biyo baya. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Na ce, "Mma, mene ne wannan?"

Ta ce, "Aikina ne."

Labarin bai fito rana ɗaya ba. Magana tana mata wuya, Turancinta na tsibirinsu ne, nawa kuma na kasuwar Kumasi, don haka a gutsure na riƙa tsintarsa tsawon watanni. Mijinta yana da shagon sayar da faya-faye, yana kuma da manyan akwatunan lasifika da yake kaiwa filin rawa. Tsayuwa a jikin akwatunan nan ta cinye masa kunne tun yana da sauran ƙuruciya. A bayan shagon akwai ƙaramin ɗaki, a ciki akwai na'ura mai maɓallai huɗu da ake turawa sama a ja ƙasa, kowanne yana riƙe da wani ɓangare na kiɗan. Shi zai karɓo zaren rikodin, irin na kaset, daga wurin makaɗa ya ajiye, ya tafi ya kwanta saboda a filin rawa ya kwana. Ita kuwa, da jaririnta a cikin kwali kusa da ƙafarta, sai ta zauna ta haɗa. In ya tashi sai ta kunna masa, ya ɗora tafin hannunsa a jikin akwatin lasifika don ya ji dukan, ya gyaɗa kai. A kan faifan kuma sunansa ake bugawa.

Da na gama fahimta sai raina ya ɓaci. Na ce mata mu a wurinmu wannan shi ake kira kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, na fassara mata iya iyawata. Kai, ashe na taɓo inda ba a taɓawa! Ta daka min tsawa da rabin bakinta, ta ce kada in ƙara zagin mijinta. Shi ya sayi na'urar, shi ya sha duka da jifa a filin rawa, shi ya fara nuna mata inda ake taɓawa. Ta ce a wancan zamanin in maza suka ji mace ce ta haɗa, ba mai taka rawa, dariya za a yi masa har ya rufe shago. Su biyu suka yi shawara suka yi shiru, kuma ba ta taɓa ganin laifinsa ba. Sai dai yanzu ya mutu, makaɗan duk sun mutu, shagon ma an rushe shi, ita kaɗai ta rage da sanin abin, ga ta a kwance a ƙasar Larabawa tana kallon silin.

Ɗanta bai ƙaryata ta ba, bai kuma gaskata ta ba. Ya ce yana tuna ganinta a ɗakin nan na baya, amma shi a zatonsa shayi take kai wa babansa. In ta ɗauko zancen sai ya shafa kanta ya ce, "Mama, ki huta." Wannan ki hutan ya fi zagi yi mata ciwo. Ni kuwa gani ya kori ji. Kullum hantsi hannuna ne na'urarta, har fatar wurin ta saba da yatsunta, na san inda kowanne zai bi.

Ana nan sai wata rana ɗan ya shigo da labari. Wani Bature mai rubuta littafi a kan tarihin kiɗan nan zai ratsa ta Dubai, kuma ya nemi ya ga matar marigayin. Mma ta sa aka ɗaga ta zaune. Ta ce, "Wannan karon zan faɗa." Ɗan ya ce, "Mama, zancen Baba zai yi." Ta ce, "Zan faɗa." Da ya fita na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ta faɗa, in bai ji da kunne ba ya gani da ido, hannuna yana nan. Kwanakin da suka biyo baya ba ta taɓa cin abinci da daɗi kamarsu ba. Ta riƙa maimaita maganar da za ta yi, kalma bayan kalma, don kada harshe ya ba ta kunya.

An ce da safe zai zo. Tun da na iso na yi mata wanka, na kitse mata furfurarta, na sa mata kwalli, na turara rigarta mai ruwan goro da turaren wuta. Na ɗora ta a keken marasa lafiya na kai ta falo, don mu a Zango ba a tarbar baƙo a kwance. Duk tsufan tsoho, in an zo gaishe shi a zaune ake samunsa, da kwalliyarsa. Hantsi ya wuce, baƙo shiru. Azahar ta yi, aka bugo waya wai yana wani taro a otal, shuwayya shuwayya in ji Larabawa, wato sannu sannu, yana tafe. Na kawo mata abinci ta ƙi, wai kada miya ta ɗiga a rigar. Na ce to bari in kwantar da ita ko na ɗan lokaci, ta ce in na kwantar da ita za a zo a same ta kamar gawa. Ni ma a raina ban so kitson ya tuje ba, sai na ƙyale ta. Haka ta wuni a zaune, matar da ko rabin hantsi ba ta iya yi a kan keke ba tare da bayanta ya gaji ba. Sai bayan la'asar aka buga ƙararrawa.

Dogon mutum ne mai sanyin murya. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce masa, ya kawo mata furanni, ya durƙusa ya gaishe ta. Da ma mugu ne da na samu inda zan sauke haushina, amma mutumin kirki ne, shi ya fi ƙona min rai. Ya ajiye 'yar na'urar ɗaukar murya a kan tebur ya fara tambaya. A ina marigayi ya sayi na'urarsa, su wa ke zuwa shagon, wane irin mutum ne a gida, me ya fi son ci. Mma tana fara haɗa amsa ɗanta zai ƙarasa mata. Ina tsaye a bayan keken ina jin yadda numfashinta ke ƙara nauyi.

Can ta ɗaga hannu ta tsayar da su. Ta ce, "Ni ce. Ni na haɗa su. Shi ba ya ji."

In faɗi gaskiya, Baturen bai raina maganar ba. Idonsa ya buɗe, ya jawo kujera kusa. Ya ce wannan babban zance ne, ya daɗe yana zargin akwai mata a ɗakunan nan da ba a ambata ba. Ya tambaya ko akwai hoto. Babu. Ko akwai wani makaɗi da ya rage da zai ba da shaida. Babu. Ya tambaye ta wace irin na'ura ce, da me suke yin amsa-kuwwar. Na ga ta sani, na ga amsar ta zo har bakinta, amma harshen ya gaji, sai wani sauti ya fito da ba kalma ba, yawu ya biyo gefen bakin. Na goge mata da sauri.

Na ce, "Yallaɓai, a bari ta nuna masa." Na ɗauko lasifikar na kunna wanda ta fi so. Na durƙusa na shimfiɗa hannuna a kan cinyarta, na jera mata yatsun da kaina. Kiɗa ya tashi. Yatsun sanyi ƙalau. Wurin da muryar za ta ɗauke ya zo ya wuce, sai daga baya ƙaramin yatsan ya motsa. Ganga ta rage ita kaɗai, yatsun suna nan inda suke. Ta yunƙura ta tura ɗaya sama, hannun gaba ɗaya ya zame daga kan nawa ya faɗi a jikin keken. Ɗanta ya sunkuyar da kai. Baturen ya ce kada ta wahalar da kanta.

Mu inda na tashi babba ba ya jayayya da bakinsa. Ko sarkin Zango in ya zauna akwai mai magana a madadinsa, in tsohuwa ta kasa kuma 'yarta ce take miƙewa ta faɗa a madadinta. Ban tsaya tunani ba, jinina ne ya hau. Na ce, "Gajiya ce! Tun safe take zaune tana jiranka. Ga yadda take yi." Na mayar da kiɗan farko, na ɗora yatsuna huɗu na dama a kan hannuna na hagu. Na ja ƙaramin, murya ta ɓace. Na ja na biyu, ƙaho ya ɗauke. Na danne biyu, na tura ɗaya na fizge, amsa-kuwwa ta watsu a falon. Ko sau ɗaya ban kuskure ba. Kowane motsi ina riga sautin, daidai yadda take yi, tun daga farko har ƙarshe. Da na gama ina haki, ina jin yau na fitar da Mma kunya.

Baturen ya tafa min, da gaske ya ji daɗi. Ya tambaye ni tun yaushe nake aiki a gidan. Na ce ban cika shekara ba. Ya ce na taɓa ganin na'urar haɗa sauti? Na ce ko a mafarki. Ya ce na taɓa zuwa Kingston? Na yi dariya na ce ina ni ina Kingston. Sai ya juya wajen ɗan, ya rage murya, ya ce, "Ka ga matsalata. Wannan baiwar Allah ba ta cika shekara tana jin faya-fayen ba, ga shi ta haddace. To ina ga wadda ta rayu da su tun tana amarya? Ban ce ba gaskiya take faɗa ba. Amma ba zan iya ɗauke aikin mutum in ba wani a kan wannan ba." Ya ce zai rubuta cewa iyalin sun ce matarsa takan taimaka masa a shago.

Ya rage murya ne don kada ta ji. Amma ciwon Mma bai taɓa kunnenta ba, kunnen da yake jin saukar cokali a kicin daga ɗakin kwana. Ta ji komai. Garin neman gira na rasa mata ido, kuma a gabanta. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na so kuma in ɗauki furannin nan in maka masa a ka, shi da taronsa na otal.

Ya sumbaci hannunta ya tafi, ɗanta ya raka shi mota. Ban taɓa ganin littafin ba. Ba a jima ba ciwon ya ƙaru, aka mayar da ita Kingston, can ta rasu, ni kuma aka tura ni wani gida jinyar wani tsoho. Amma ba tafiyarta ce ta fi tsaya min a rai ba, yammacin ranar da Baturen ya zo ne.

Na tura ta ɗaki, na cire mata rigar, na ɗauke ta na kwantar. Bayanta ya yi ja saboda zaman keke. Na shafa mata mai. Sai da na ja mata bargo ta kama bakin hijabina.

Ta ce, "Yarinya, ke kin yarda?"

Allah ya gani, amsar tana bakina. Amma maganar mutumin ta riga ta shiga kaina ta zauna. Na tuna ni ma na iya, ni da ban san komai ba. Na tuna tsofaffin da na yi jinya, masu ba da labarin abin da suka so a ce sun yi har su kansu su gaskata. Duk wannan bai fi tsawon jan numfashi ɗaya ba, sannan na ce, "Na yarda, Mma. Wallahi na yarda."

Ta daɗe tana kallona da idonta mai kwalli. Matar da ta yi ƙuruciyarta tana auna tazarar da ke tsakanin sauti da sauti, ba wannan ɗan jinkirin nawa za ta kasa ji ba.

Ta ce, "Kin makara."

Ta saki hijabina, ta ce in juya ta ta fuskanci bango. Na juya ta, na gyara mata matashi a bayanta yadda aka koya mana. Na ɗauki jakata na fita, ina kuka har tashar jirgin ƙasa.